Da Babu Gara Ba Daɗi? Masana'antun Ƙaramin Albashi da Arzikin Ƙasashe Masu Tasowa

  

An nemi in yi magana a kan masana'antun da ke biyan ƙaramin albashi a ƙasashe masu tasowa, irin waɗanda ake tara dubban matasa a gaban kekunan ɗinki suna yi wa Turai da Amurka riguna da takalma, da kuma abin da suke jawo wa tattalin arzikin ƙasa. Mafi yawan lokacina zan kashe shi a Bangaladesh, domin babu inda alherin wannan harka da sharrinta suka bayyana a fili kamar can. Daga nan zan leƙa Habasha da Koriya ta Kudu kafin in dawo gida.

Zan fara da hujjar masu goyon baya, kuma zan ba ta haƙƙinta, domin ba hujjar banza ba ce. A 1954 wani masanin tattalin arziki baƙar fata, ɗan tsibirin Saint Lucia, Arthur Lewis, wanda daga baya ya zama mai ba Kwame Nkrumah shawara a Gana, ya kuma sami lambar Nobel a 1979, ya yi bayanin yadda ƙasa matalauciya ke miƙewa. Ma'anar bayaninsa ita ce, a karkara hannuwa sun fi aikin yawa. Gandun da mutum biyar za su nome, sai ka tarar mutum goma ne a kansa, duk suna ci daga rumbu ɗaya. Idan biyar suka tafi birni suka shiga masana'anta, amfanin gona ba zai ragu ba, ga kuma sabon abin da hannunsu ya ƙera. Tunda masu jira a bakin ƙofar masana'anta ba sa ƙarewa, mai ita ba ya buƙatar ƙara albashi. Ribarsa sai ta yi kauri, ya mayar da ita jari, ya gina wata masana'antar, ya ɗauki wasu. Haka za a yi ta tafiya har ranar da ƙauye ya daina turo mutane, a nan ne albashi zai fara hawa da kansa. Duk wanda ya san ci-rani ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a nan. Amma ku riƙe sharaɗin da ke ciki, domin za mu dawo gare shi: sai an mayar da ribar cikin ƙasar.

A 1997 Paul Krugman, shi ma daga baya ya sami Nobel, ya yi wani rubutu da ya tayar da ƙura, inda ya kare ƙwadago mai arha. Ya ce kuskure ne a auna albashin yarinyar da ke ɗinki a Asiya da na ma'aikacin Amurka. A auna shi da abin da za ta yi in babu masana'antar, kamar tsince-tsince a kan juji a birnin Manila. A taƙaice dai, da babu gara ba daɗi. Tambayar da nake so mu yi ita ce, wane irin ba daɗi, har zuwa yaushe, kuma wa ke kwasar daɗin.

Bangaladesh ta sami 'yanci a 1971 bayan mummunan yaƙi, a 1974 kuma yunwa ta yi mata kisa mai yawa. Ba ta da fetur, ba ta noma audugar kirki, abin da take fitarwa waje mafi yawa ramar da ake buhu da ita ne. A wannan shekara ta 1974 ƙasashe masu arziki suka kafa wata yarjejeniya da ta ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa mai tasowa za ta sayar musu. Koriya ta Kudu ta cika nata kason, sai kamfanoninta suka shiga neman ƙasar da ba a gindaya wa iyaka ba. Ta haka kamfanin Daewoo ya ƙulla da wani tsohon ma'aikacin gwamnatin Bangaladesh, Noorul Quader, wanda ya kafa kamfanin Desh Garments. A 1979 aka kwashi mutum 130 aka kai su birnin Pusan na Koriya, suka yi wata shida suna koyon aiki: yanka, jera kekuna yadda riga za ta bi layi daga hannu zuwa hannu, duba inganci, da yadda ake mu'amala da mai saye a ƙetare. Suka dawo aka buɗe masana'anta a Chittagong. Ba a daɗe ba Desh ta ga ta iya tsayuwa da ƙafarta, ta raba gari da Daewoo. Kafin shekarun 1980 su ƙare, mutum 115 daga cikin 130 ɗin nan sun bar Desh, wasu sun kafa nasu kamfanonin, wasu sun tafi jagorantar sababbi.

Ina roƙon ku tsaya a kan wannan labari, domin ni a wurina shi ne zuciyar maganar. Abin da Koriyawa suka bari a Bangaladesh ba keken ɗinki ba ne, sani ne, kuma sanin ya shiga kan 'yan ƙasa ya bazu. Gwamnati ita ma ta yi abu biyu masu sauƙi. Ta yarda a shigo da yadi ba tare da biyan kuɗin fito ba muddin ɗinkawa za a yi a fitar. Ta kuma yarda banki ya tsaya wa mai masana'anta ya sayo yadi bashi, da takardar odar da aka ba shi daga waje a matsayin jingina. Wannan ya sa mai ƙaramin jari ya iya shiga harkar. Shi ya sa har yau mafi yawan masana'antun ɗinkin Bangaladesh na 'yan ƙasa ne.

Yau kimanin mutum miliyan huɗu ke aiki a wannan sana'a, fiye da rabinsu mata, kuma tufafi ne ke kawo wa ƙasar sama da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da take samu daga kayan da take fitarwa. Ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna masu fama da matsanancin talauci sun sauko daga kusan kashi 44 cikin ɗari a 1991 zuwa ƙasa da kashi 15 a 2016. Ba ɗinki kaɗai ya yi wannan ba. Akwai kuɗin da 'yan ci-raninsu ke aikowa daga ƙasashen Larabawa, akwai bunƙasar noman shinkafa, akwai aikin ƙungiyoyi irin su BRAC. Amma rashin gaskiya ne a ce ɗinki ba ya ciki. Wasu masana biyu, Rachel Heath da Mushfiq Mobarak, sun kwatanta ƙauyukan da ke kusa da masana'antu da waɗanda ke nesa, a binciken da suka wallafa a 2015. Sun gano 'yan matan da ke kusa sun fi daɗewa a makaranta da kimanin shekara ɗaya da rabi, aurar da ƙananan yara kuma ya ragu. Dalilin a bayyane yake: masana'anta ta fi son wadda ta iya karatu da lissafi, uba kuwa da ya ga karatun 'yarsa zai zama abinci a gida, sai ya bar ta ta ci gaba. Bangaladesh ƙasar Musulmi ce, mutanenta masu kishin addini, wannan kuwa ya kamata ya sa mu ƙara kasa kunne.

To, wannan ita ce fuska ɗaya.

Ranar 23 ga Afrilu 2013, a garin Savar kusa da Daka, aka ga tsagewa a ginshiƙan wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza. An kira injiniya ya duba, ya ce ginin ba shi da aminci. Bankin da ke ƙasa da shaguna suka rufe, suka sallami ma'aikatansu. A sama kuwa akwai masana'antun ɗinki biyar. Washegari da safe ma'aikata suka taru a waje suna tsoron shiga, aka yi musu barazanar hana su albashin wata. Suka shiga. Wuta ta ɗauke, aka tayar da manyan janaretoci da aka ɗora a benayen sama, ginin ya girgiza ya rufta. Mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka ji rauni, wasu sai da aka yanke musu hannu ko ƙafa kafin a zaro su. An gina wurin ne don shaguna da ofisoshi, ba don nauyin injuna ba, an kuma ƙara benaye a kansa ba da izini ba. Wata biyar kafin wannan, a Nuwamban 2012, gobara a masana'antar Tazreen ta kashe aƙalla mutum 112, bayan masu sa ido sun ce wa ma'aikata su koma kan kekunansu, ƙofofin fita kuma a rufe.

Mafi ƙarancin albashi a lokacin taka 3,000 ne a wata, kusan dala 38. Ma'aikacin banki da ke hawan ƙasa ya tsira domin an ɗauke shi mutum. Yarinyar da ke hawa na shida ta mutu domin ba ta da abincin wata guda a ajiye, ba ta kuma da ƙungiyar da za ta ce yau babu mai shiga.

A nan nake rabuwa da masu cewa da babu gara ba daɗi. Ƙarancin albashi ana iya jingina shi ga talaucin ƙasa, domin inda masu neman aiki suka yi yawa dole lada ya faɗi. Amma kwaɗon da aka garƙame a ƙofar fita, talaucin ƙasa bai garƙame shi ba, mutum ne ya garƙame shi da hannunsa. Tsagaggen ginshiƙin da aka gani aka kau da kai, mutum ne ya kau da kai. Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne a ɗaure waɗannan abubuwa biyu a ƙunshi ɗaya, a ce wa talaka ko ka ɗauka duka ko ka bari duka, wai idan aka taɓa ɗaya masana'antu za su gudu.

Abin da ya biyo baya ya ƙaryata wannan tsoro. A watan Mayun 2013 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da manyan kamfanonin da ke sayen kayan, sama da 200 suka sa hannu, mafi yawansu na Turai, kuma yarjejeniya ce da ake iya kai wanda ya saɓa ta gaban shari'a. Injiniyoyi masu zaman kansu suka duba masana'antu fiye da 1,600, aka gyara wayoyin lantarki, aka sa ƙofofin da ke tare gobara, aka cire kwaɗuna, wadda ta ƙi gyara aka daina sayen kayanta. A ƙarshen shekarar aka ɗaga albashi zuwa taka 5,300. Shin kasuwar ta mutu? A shekarar da Rana Plaza ta rufta, Bangaladesh ta fitar da tufafi na kimanin dala biliyan 21. Bayan shekara shida ta fitar da na dala biliyan 34. A Indunusiya ma Ann Harrison da Jason Scorse sun bi diddigin abin da ya faru a shekarun 1990, lokacin da aka matsa wa masana'antun da ke yi wa Nike da Adidas da Reebok aiki. Albashi ya hau sosai, wasu ƙananan masana'antu sun rufe, amma jimillar ma'aikata ba ta ragu ba. Abin da ya ragu riba ce.

Me ya sa ake iya ƙara albashi kasuwa ba ta rushe ba? Saboda ladan ɗinki ɗan mitsitsi ne a cikin farashin riga. Wani lissafi da kamfanin Deloitte ya yi wa ƙungiyar Oxfam a 2017 ya nuna cewa a cikin kuɗin da mai saye ke biya a Ostareliya, kusan kashi 2 cikin ɗari ne kawai ke isa hannun ma'aikacin Bangaladesh. Sauran yana wurin mai yadi, mai jirgin ruwa, mai talla, mai shago, da mai sunan da aka liƙa a wuyan rigar. Masu sayen kaɗan ne kuma manya, masu ɗinkin dubbai ne a ƙasashe da dama, kowa na karya farashi don kada oda ta kuɓuce masa. Mai saye ya matse mai masana'anta, mai masana'anta ya matse wadda ke kan keke, ita kuwa babu wanda ke ƙarƙashinta sai cikinta da 'ya'yanta. Da annobar korona ta zo a 2020, kamfanonin Turai da Amurka suka soke ko suka dakatar da odar kimanin dala biliyan 3 cikin 'yan makonni, har da kayan da an riga an ɗinka. Asarar ta gangaro ta sauka a kan mafi rauni.

Akwai kuma abin da ya fi damuna game da Bangaladesh. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, har yanzu riga da wando ne. An ci gaba ta wani fanni, domin yanzu suna kaɗa zare su saƙa yadin rigunan roba a gida, amma ƙasar ba ta tsallaka zuwa ƙera injuna ko kayan lantarki da yawa ba. Masu masana'antu sun yi ƙarfi, da yawansu sun shiga majalisar dokoki, sun samar wa kansu rangwamen haraji da tallafi, harajin da gwamnati ke tarawa kuwa bai kai kashi 10 cikin ɗari na arzikin ƙasa ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. A 2012 aka tsinci gawar wani mai shirya ƙungiyar ƙwadago, Aminul Islam, da alamun azabtarwa. A 2023 ma'aikata suka nemi taka 23,000, aka ba su 12,500, kimanin dala 113, bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka a cikinta. Wanda arha ta azurta shi ba zai so arha ta ƙare ba, in kuwa shi ne ke rubuta doka, to ranar da Lewis ya yi alkawari za ta yi ta ja da baya.

Mu zo nahiyarmu. Habasha ta dubi Asiya ta ce ita ma za ta bi wannan hanya. Ta ci bashi ta gina unguwannin masana'antu, mafi shahara ita ce ta Hawassa da aka buɗe a 2016, kamfanin PVH mai sunayen Calvin Klein da Tommy Hilfiger ya shigo. Abin da aka tallata wa masu jari shi ne arhar ma'aikata, ƙasar kuwa ba ta da dokar mafi ƙarancin albashi ga kamfanoni masu zaman kansu. Wani rahoto na Jami'ar New York a 2019 ya nuna tushen albashi dala 26 ne a wata, mafi ƙanƙanta a duk ƙasashen da ke wannan sana'a. Sakamakon shi ne 'yan mata huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, abinci ba ya isa, suna barin aikin tun kafin hannunsu ya faɗa. Ma'aikaciyar da ba ta zauna ba ba za ta ƙware ba, wadda ba ta ƙware ba kuwa ba za ta yi sauri ba. Arhar da ta wuce kima sai ta juyo ta cinye ribar mai ita.

Wasu masana biyu, Christopher Blattman da Stefan Dercon, sun yi wani gwaji a Habasha da ya dace kowane ɗalibin tattalin arziki ya sani. Sun haɗa kai da kamfanoni biyar, suka ɗauki kusan mutum dubu da suka zo neman aiki, suka yi musu ƙuri'a. Wasu aka ba su aikin, wasu aka ba su jarin dala 300 da ɗan horo, wasu ba a ba su komai ba. Cikin waɗanda suka sami aikin, kusan ɗaya cikin uku sun bari a watan farko, kashi 77 cikin ɗari sun bari kafin shekara. Kuɗin da suka samu bai fi na waɗanda ba a ba su komai ba, waɗanda suka shiga ƙananan sana'o'i da aikin gona da gini, matsalolin lafiya masu tsanani kuma sun fi yawa a cikinsu. Da aka koma bayan shekara biyar, bambancin da ke tsakanin rukunonin uku ya kusa ɓacewa. Wato ba ko'ina ba ne masana'anta ta fi abin da talaka ke yi a waje. Masu binciken da kansu sun ce sakamakon ya saɓa wa abin da suka zata. Daga baya kuma yaƙin Tigray ya sa Amurka ta cire Habasha daga tsarin AGOA, wanda a lokacin ke ba kayan Afirka damar shiga kasuwarta ba haraji, daga Janairun 2022, PVH ta rufe masana'antarta, dubban ma'aikata suka koma gida. Lesoto ta ɗanɗani irin wannan a Afrilun 2025, ranar da aka wayi gari Amurka ta ayyana harajin kashi 50 cikin ɗari a kan kayanta. Ko da aka rage shi daga baya, oda ta riga ta tsaya. Masana'antar da yadinta daga waje, mai ita daga waje, kasuwarta a waje, hukuncin da aka yanke a wata ƙasa ya isa ya kashe ta.

To ina waɗanda suka ci nasara? Koriya ta Kudu a farkon shekarun 1960 arzikin ɗan ƙasarta bai yi wa na Gana nisa ba. Ta fara da yadi, da gashin kanti, da katako. 'Yan mata sun sha wuya a ɗakunan ɗinkin Kasuwar Pyeonghwa a birnin Seoul, inda ake raba ɗaki biyu ta sama har mutum ba ya iya miƙewa tsaye. A Nuwamban 1970 wani matashin tela, Jeon Tae-il, ɗan shekara 22, ya cinna wa kansa wuta yana neman a yi aiki da dokar ƙwadago da ke rubuce ba a bin ta. Addininmu ya haramta kashe kai, ba kuma yabonsa nake yi ba, ina nuna muku zurfin ƙuncin ne. Amma dubi abin da Koriya ta yi da gumin waɗannan yara. Tun kusan 1950 ta raba gonaki ga manoma, ta zuba kuɗi a makarantu. Gwamnati ta riƙe bankuna, ta ba kamfanonin gida bashi mai sauƙi bisa sharaɗin su sayar a kasuwar duniya, wanda ya gaza a janye masa. Ta hana a kwashe riba a kai waje. A 1968 aka kafa kamfanin ƙarfe na POSCO, daga 1973 aka karkata ga jiragen ruwa da motoci da sinadarai. Shi kansa Daewoo da ya koya wa Bangaladesh ɗinki, da sayar da yadi ya fara a 1967, ya ƙare yana ƙera jiragen ruwa. Albashi kuma bai hau don tausayi ba. A 1987 ma'aikata suka yi yajin aiki sama da 3,000 cikin 'yan watanni, daga nan ne lada ya yi tsalle.

Ƙasashen da suka fara da arha suna da yawa, waɗanda suka fita daga cikinta kaɗan ne, kuma abin da ya fitar da su ba arhar ba ce. Hanyar ma ta ƙara ƙunci yanzu. Dani Rodrik na Jami'ar Harvard ya nuna cewa ƙasashe masu tasowa na yau masana'antunsu na fara ja da baya tun ƙasar ba ta yi arziki ba, saboda injuna na rage buƙatar hannuwa, Sin kuma ta mamaye kasuwa.

Yanzu bari in dawo gida, domin muna da namu tarihin. A 1957 gwamnatin Sardauna ta haɗa jari da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar Kaduna. A 1964 masaƙar UNTL ta biyo baya da jarin mutanen Hong Kong, ga Arewa Textiles da jarin Japan. Kakuri ta cika da ma'aikata, Kano na da nata a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Waɗannan masaƙu sun fi na Hawassa saiwa a ƙasa, domin audugar Funtuwa da Gusau suke ci, kasuwarsu kuma tana Kantin Kwari. Ma'aikatan suna da ƙungiya mai ƙarfi, wadda Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982, ana zama da su a yi cinikin albashi. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, da yawa daga tsofaffin ma'aikata sun mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. Ba tsadar ma'aikata ta kashe su ba. Rashin wutar lantarki ne, da tsadar baƙin mai, da faɗuwar naira daga 1986 wadda ta sa kayan gyara suka gagara, da tsofaffin injuna, da lalacewar noman auduga, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa.

Ga wani lissafi da nake so masu mulki su yi. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, wanda a canjin wancan lokaci bai kai dala 50 ba, wato ƙasa da rabin na Bangaladesh. Dokar ma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma da yawa daga masu aiki a masana'antunmu 'yan wucin gadi ne da ɗan kwangila ya kawo, ba takarda, ba hutu, ba asibiti. Dokar yankunan ciniki na musamman ta 1992 har ta hana yajin aiki na shekara goma a cikinsu. Da arha ce ke kiran masana'antu, da yanzu babu masaka tsinke tsakanin Kano da Kaduna. Ba su zo ba, domin mai jari yana lissafin kuɗin dizal, da kwanakin da kwantena za ta yi a Apapa, da shingayen da ke hanyar Legas zuwa Kano, da tsaron ransa. Duk wanda ya ce a ƙara matse ma'aikaci don a jawo masu jari, yana ba da magani ne ga cutar da ba ita ke damun mu ba.

Kada kuma mu ɗauka rufaffiyar ƙofa a Daka kawai take. A 2002 gobara ta kashe gomman ma'aikata a wata masana'anta a Ikorodu, an kulle su ciki suna aikin dare. A Yunin 2020 'yan sanda suka fito da ma'aikata sama da ɗari daga wani kamfanin gyaran shinkafa a Kano, an tsare su ciki wata da watanni lokacin kullen korona. Malamanmu na fiƙihu sun yi babi guda a kan ijara, sun shardanta a san aikin, a san ladan, a kuma yi da yardar juna. Yardar da aka karɓa da barazanar yunwa, a bayan kwaɗo, ina roƙon malamai su faɗa mana matsayinta daga kan mumbari.

Ni ina son masana'antu su zo, ko da albashin farko ba zai burge kowa ba, domin matasanmu da ke zaune a bakin titi sun fi ƙarfin aikin gwamnati. Amma gwamnan da zai ba da fili da rangwamen haraji, ya nemi abin da Noorul Quader ya nema: 'ya'yanmu nawa za a horar su zama manajoji da injiniyoyi, cikin shekara nawa, kuma kashi nawa na auduga ko fata za a saya a gida. Kano na jeme fata ta aika Italiya da Sifaniya, a can a yi takalmi a ci ribar. Wannan ne wurin da ya kamata a fara. Shugabannin ƙwadago, ku fita daga sakatariyar gwamnati ku je ku yi wa 'yan wucin gadi rajista, su ne suka fi kowa buƙatarku. Ku kuma ɗalibai, masu neman abin da za ku yi bincike a kai, ku shiga Sharaɗa da Challawa da Bompai, ku tambayi ma'aikata nawa ake biyan su, awa nawa suke yi, ko suna da takardar ɗaukar aiki, ko ƙofar fita a buɗe take da dare. Ku rubuta da Hausa, ku kai wa Ma'aikatar Ƙwadago da 'yan majalisarku da gidajen rediyo.